Gurup ɗin Auta da Littafin Kawu

A layin teloli na Fagge, inda ƙarar keke ba ta ɗaukewa tun daga hantsi har bayan lisha, akwai wani dattijon tela da babba da yaro ke kira Kawu. Ya yaye yara da yawa a kan keken nan nasa. Wasu sun kama shago a cikin gari, wasu sun yi Kaduna da Abuja, akwai ma wanda ke ɗinki a Jidda. Na ƙarshen da ya rage a gabansa ɗan ƙanwarsa ne, shi ya sa sunan Auta ya bi shi har ya danne na yanka.

Auta yana da hannu. In ya fitar da wuyan kaftani ba sai an sake bi da almakashi ba. Abin da ke haɗa shi faɗa da Kawu guda ne, wato waya. Ƙafa tana kan keke, ido yana kan waya, har wata rana ya kusa ɗinke aljihu a bayan riga.

A farkon shekarar 2016 Auta ya buɗe wa matasan teloli gurup a WhatsApp. Da su bakwai na layinsu aka fara. Wannan ya sa abokinsa, wancan ya sa ƙanen matarsa, kafin a ankara an cika mutum ɗari, wanda shi ne iyaka a lokacin. Cikin watan Fabrairu kamfanin ya ɗaga iyakar zuwa 256, Auta kuwa bai yi mako biyu ba ya cike gurbin. Akwai telolin Kurna da na Birget, da masu surfani na Ƙofar Wambai, da yaran shago na Kantin Kwari, da wasu da ba wanda ya san ta inda suka shigo. Kuma gaskiya abin yana da amfani. A nan ake ganin sabon yayin wuya tun kafin ya bazu, a nan ake jin ko shadda ta tashi a Kwari, a nan ake samun lambar mai gyaran keke in ya maƙale da tsakar dare. Kalmar ta zauna a bakin yaran layin daram. "Sa ni a gurup." "Ai na gani a gurup." "Admin ya cire shi daga gurup."

Wata rana da la'asar sakaliya, Kawu yana zaune a kan benci da wani malamin firamare da ke zuwa hira shagon, sai ya ji Auta ya ambaci kalmar sau uku a magana ɗaya. Ya ajiye allin da ke hannunsa.

"Malam, don Allah fid da ni duhu. Wai mene ne gurup ɗin nan da ya hana yaran nan barci?"

Malam ya gyara zama, don irin tambayar da yake so ke nan. Ya ce, "Kalmar Turanci ce, Kawu. Ma'anarta ba ta wuce mutane ko abubuwan da aka tara wuri guda, ko aka lissafa su tare saboda wani abu da suka yi tarayya a kai. Bature ba ya tambayar ko sun san juna. In ka je asibiti aka ɗebi jininka, za a ce maka gurup ɗinka O ne ko A, kai da mutumin ƙasar Sin da ba ka taɓa gani ba kuna gurup ɗaya. A gasar cin kofin duniya ƙasashe huɗu-huɗu ake zubawa a gurup, kowace kuwa so take ta kori 'yar'uwarta gida. Kamfanonin Ɗangote, na siminti da na sukari da na gishiri, in an haɗa su gurup ake cewa. Ni kaina in na shiga aji nakan raba yara gurup biyar, su yi aiki, a kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa."

"To mu da me muke kiransa?"

"Mu Hausa ba ta zuba su buhu ɗaya ba. Shanu garke ne, matafiya ayari, 'yan kallo cincirindo, ɓarayi gungu, jini da kamfanoni kuma rukuni. In mutane suka ɗaure kansu da ƙa'ida, suka naɗa shugaba da ma'aji, sai mu ce ƙungiya. Shi ma Turancin yana da nasa sunayen na irin wannan, ga kulob, ga yuniyan, ga kwamiti, duk mun ara muna amfani da su. Ita dai gurup ta fi su faɗi, tana ɗaukar kowa da komai."

Kawu ya jinjina kai, ya juya wajen Auta. "Ku nawa ne a naku?"

"Mu 256 ne, Kawu. Da akwai wuri da mun fi haka."

"Masha Allah. A cikinsu gidan mutum nawa ka sani?"

Auta ya fara lissafi da yatsu, ya zagaya hannu biyu, ya ƙara kaɗan, ya tsaya. Bai kai ashirin ba. Kawu bai ce masa komai ba, ya ɗauki allinsa ya ci gaba da zana hannun riga.

Shi ma Kawu yana da nasa mutanen. A cikin aljihun kekensa akwai wani littafi mai baƙin bango da gefensa ya sha maiƙon hannu, sunaye da ajami, kuɗi da lambobin boko. Su goma sha ɗaya suka fara a 1979, shekarar da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sukan haɗu a shagon Kawu kowa ya zuba. Rabi adashe ne, ana kwasa bi da bi. Rabi kuma asusun larura ne, ba a taɓa shi sai ciwo ko rasuwa ko asara. Ba su da suna, ba su da hatimi. Dokarsu da ta fi kowace tsauri ita ce, wanda aka yi Juma'a biyu ba a gan shi ba, ba a cin tararsa, ba a kuma yi da shi, sai an tashi mutum biyu sun je gidansa sun ga lafiya. Huɗu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu suka gaji layinsu a littafin. Auta ya sha ganin wannan zama, a ransa yana ɗaukarsa hirar tsofaffi ce da goro.

Cikin waɗanda Auta ya san gidansu akwai amininsa da ake kira Mai-zare. Ɗan ƙaramin shago gare shi a kasuwar Sabon Gari, wadda ke ɗauke da sunan Rimi, yana sayar da zare da zif da maɓalli da allura da kwarkwaro. Rabin telolin layin a wurinsa suke saye, da yawa kuma bashi yake ba su sai sun karɓi kuɗin ɗinki. Saura wata biyu da 'yan kwanaki azumi, shi ya sa ya tattara duk abin da ya mallaka, ya ƙara da rance, ya cika shagon da kaya, don ya san daga an ga wata teloli ba sa barci sai an yi salla.

Cikin daren da za a wayi gari Asabar, 26 ga Maris, wuta ta tashi a kasuwar. Watan da ya gabata ne gobara ta ci kasuwar Singa, mutane ba su gama farfaɗowa ba. Daga Fagge ana hango jan sararin sama. Auta ya ga labarin a gurup tun kafin asuba, ya zura takalmi ya ruga. Shaguna dubbai suka ƙone. Ya tarar da Mai-zare a tsaye a bakin layinsu, riga duk toka, yana kallon inda shagonsa yake. Zaren roba ya narke ya dunƙule ya zama baƙin curi, zif-zif sun saura haƙoran ƙarfe kawai a cikin gawayi. Mai-zare ya sunkuya ya ɗauki wani kwarkwaro da ya lanƙwashe, ya juya shi, ya sa a aljihu. Bai yi kuka ba. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" kaɗai yake maimaitawa.

Kafin azahar gurup ya cika ya batse. Hotuna, bidiyon hayaƙi, saƙon murya, da addu'a bisa addu'a. Allah ya mayar da alheri. Allah ya kiyaye gaba. Auta ya ji ƙarfin gwiwa. Ya rubuta dogon bayani a kan halin da Mai-zare ke ciki, ya sa lambar akawun ɗin kansa, ya ce ko naira dubu ɗai-ɗai aka tura an tayar da ɗan'uwa. Nan take aka yi ta amsawa, "In sha Allahu", "Muna tafe", "Admin ka yi tunani mai kyau".

Ya kwana yana duba waya. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Ran Laraba ya ƙirga, mutum tara ne suka turo, bakwai daga cikinsu 'yan layinsu ne. Da ya sake tunatarwa, wani da bai san fuskarsa ba ya rubuta cewa me ya sa kuɗin zai shiga akawun ɗin mutum ɗaya. Wani ya ce shi ma yayansa ya yi asara, me ya sa ba a tara masa ba. Aka yi ta cacar baki har dare, mutum goma sha wani abu suka fice, washegari wani ya turo sakamakon ƙwallo, zance ya koma can.

Ba daidai ba ne a ce mutanen nan marasa imani ne. Addu'ar da suka yi da gaske suka yi ta, kuma addu'a ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya wayi gari ba shi da ko allura. Sai dai in an yi kira ga mutum 256 a lokaci guda, ba wanda yake jin da shi ake. Kowa ya ɗauka sauran sun tura, nasa ba zai rage komai ba. Wanda kuma ya tambayi inda kuɗin za su shiga bai yi laifi ba, don bai taɓa ganin Auta ba, an kuma sha cutar mutane ta wannan hanya.

Abin da ya ƙara tsaya wa Auta a rai shi ne maƙwabcin Mai-zare a kasuwa, wani Ibo mai sayar da leshi, wanda shi ma komai nasa ya ƙone. Ran Lahadin Ista, bayan an tashi daga coci, 'yan garinsu suka yi mitin, suka buɗe littafin kuɗin da suke zubawa duk wata, suka yanka masa abin da zai fara da shi. Wannan tsohuwar al'adarsu ce a Sabon Gari. Tun kafin yaƙin basasa yuniyan ɗinsu har makaranta ta gina a unguwar.

Daren Alhamis Auta ya kasa ɗinki. Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Kawu da Malam suna waje a kan benci, janareton maƙwabta yana ta ruri.

"Auta, zo nan. Nawa aka samu?"

Ya faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ƙara da cewa, "Kawu, mutanen yanzu ba su da amana."

"Kul, kada ka zage su. Amanar me ka ba su da suka ci? Ka tara mutane don su ga wuyan riga, sun gani. Ba ka taɓa ce musu ga abin da ke kan kowa in wani ya faɗi ba." Ya ɓare goro ya miƙa wa Malam rabi. "Ƙasar nan da muke zaune a kai zango ce. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, nan Buzaye ke sauke gishirin Bilma da dabino, nan fataken da suka ƙetaro hamada ke kwance kaya a wajen ganuwa. Kakana ya ga ƙarshen zamanin. Ya ce ayari ba ya tashi sai madugu ya san kowa da kayansa, jagaba yana gaba yana duba hanya da rijiya. In raƙumin wani ya durƙushe, sai a raba kayansa a kan na sauran. Ba don sun fi mu kirki ba ne. Tun kafin a ɗaura kaya aka yi wannan magana, kowa ya yarda, kowa kuma ya san gobe shi ne."

Malam ya ce, "Jirgin a 1911 ya iso. Bayansa da kaɗan aka yanka Sabon Gari."

"To ka ji. A Sabon Garin nan kuma aka kafa NEPU. Babana ya sha ba mu labarin Abba Maikwaru, mutumin Fagge, da Taron Masu Zumunta da ya haɗa tun kafin jam'iyya. Malam, su nawa ne ma ranar?"

"Su takwas, ran 8 ga Agusta, 1950. Da shi, da Bello Ijumu, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin, da sauran huɗun. Malam Aminu ma sai daga baya ya ajiye koyarwa a Maru ya zo ya same su."

"Takwas," in ji Kawu. "Aka ɗaure na ɗaurewa, aka yi wa na yi wa bulala, ba su watse ba, har magana ta game Arewa. Gobe in an sauko daga masallaci ka nemo littafi sabo. Ka bar wayar nan a aljihu."

Washegari dattawan littafin suka haɗu kamar kullum. Mai-zare ba ɗan cikinsu ba ne, asusun larura kuwa ba a taɓa shi don na waje, saboda haka Kawu bai ko ɗaga maganar asusu ba. Ya dai ce yaron nan shi ke ba yaransu zare bashi, ya sa hannu a aljihu ya ajiye nasa a kan teburin yanka. Sauran suka bi. Daga nan ya sa hularsa, ya ce wa Auta su tafi.

Shago-shago suka bi, Kawu a gaba da sandarsa, Auta a baya da littafi. Ba wanda suka ce wa ya taimaka wa 'yan kasuwar da gobara ta shafa. Suna sallama sai Kawu ya ce, "Mai-zare ne ya ƙone. Kai nawa za ka iya, yau ko Juma'a mai zuwa?" Wani matashi da ya fi kowa dogon rubutu a gurup ya sunkuyar da kai, ya buɗe aljihun keke ya ƙirgo dubu biyu, sannan ya ce akwai bashin zare na dubu uku da ɗari biyar a kansa, a rubuta, zai kai da kansa. Wannan magana ta buɗe wata ƙofa da Auta bai yi tunaninta ba. Littafin bashin Mai-zare ya ƙone tare da shagon, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya bi mutane ba. Sai ga shi shago bayan shago ana cewa, "Ni ma yana bi na." Kafin magariba bashin da aka amsa da baki ya fi gudummawar yawa.

Wani tsoho mai ɗinkin hula ya ce ba shi da ko sisi, amma yana da teburi da akwatin gilashi da ba ya amfani da su. Wani kuma, baƙo a layin, ya ce shi bai san Mai-zare ba, bai taɓa sayen ko allura a wurinsa ba. Auta ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya riƙe masa hannu, ya ce wa mutumin, "Gaskiyarka. Allah ya ba da kasuwa." Da suka fito ya ce, "Wanda ya gaya maka a'a a gabanka ya hutar da kai. Ba za ka kwana kana jiran alat ɗinsa ba."

Saura wurin kasa kaya. Nan dabarar Kawu ta ƙare, don duk wanda ya sani a kasuwa ko ya ƙone ko ya cushe. Auta ya ciro waya ya rubuta layi biyu a gurup, cewa ana neman gefen shago na wata uku ga mai kayan ɗinki, kuma Kawu na Fagge ne zai tsaya masa. Ba a yi awa ɗaya ba wani mai surfani a Ƙofar Wambai, wanda Auta bai taɓa gani ba, ya kira ya ce a zo a duba nasa. Kawu ya karɓi wayar ya juya ta a hannu, ya ce, "Wannan kam ƙafata ba za ta kai can ba. Abin naku yana da ranarsa. Gobe dai mu je mu ga mutumin ido da ido, mu san gidansa."

Mai-zare ya kasa kaya kafin azumi. Ba su kai rabin na da ba, rancen da ya ci kuma yana nan a wuyansa, sai da ya shekara yana biya. Amma da aka ga wata teloli sun same shi a Ƙofar Wambai da zare a gabansa.

Auta bai rufe gurup ba, ana nan ana tura wuyan riga da farashin shadda. Littafin da ya saya kuwa bai ajiye shi ba. Ya bi waɗanda suka ba da hannu ranar nan ɗaya bayan ɗaya, ya karanta musu ƙa'idar dattawa, ya ce wanda ya yarda ya sa hannu. Mutum 19 suka sa, har da Mai-zare da mai surfanin Ƙofar Wambai. Naira 500 duk Juma'a, rabi adashe, rabi asusu, ma'aji daban, mai riƙe littafi daban.

Ana tsakiyar azumi, lokacin da ɗinkin salla ya taso kowa ido ya yi ja, wani daga cikinsu mazaunin Rijiyar Lemo ya yi Juma'a biyu bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Aka fara gunaguni a shagon. Wani ya ce, "Admin, cire shi kawai, akwai masu son shiga."

Auta ya dubi tarin shaddar da ke jiransa, ya dubi agogo. Ya rufe littafin, ya ce wa Mai-zare ya tashi su je. Suka hau adaidaita sahu ana saura awa ɗaya a sha ruwa. A ƙofar gidan suka tarar da ƙanensa, ya ce ai kwana goma sha biyu ke nan yana asibiti wajen matarsa, haihuwa ta zo da gardama an yi mata aiki, wayar ma ya sayar ya sayi magani. Suka sha ruwa a bakin titi da dabino da ruwan leda, suka wuce asibitin suka gaishe shi, suka tambayi abin da ya rage a biya. Bayan tarawi Auta ya aika yaro ya kira ma'aji da mutum biyu shaida, aka buɗe asusun a kan teburin yankan Kawu, aka ƙirga, ya rubuta adadin da kwanan wata a gaban sunan mutumin, su ukun suka sa hannu. Mai-zare ya karɓi kuɗin ya koma asibiti a daren, Auta kuma ya hau keke, don akwai kaftani shida da ya yi alƙawarin bayarwa kafin Asabar.